Itacen da Ke Mayar da Matattu

A ƙasar Savo, yankin masu jin Finlanci, inda tafkuna suka fi gonaki yawa, akwai wata tsohuwar honka, doguwar bishiyar nan mai ganyen allura, tsaye a bakin hanyar da ta taso daga gidan Pelkonen zuwa maƙabartar coci. Irin wannan itace shi ake kira karsikko. A zamanin kakanni, idan aka ɗauko gawa aka iso gindinsa, sai a tsaya a fere ɓawonsa faɗin tafin hannu, a sassaƙa harufan sunan mamacin da shekarar rasuwarsa. Dalilin kuwa shi ne, ranar da kewar gida ta taso mamaci ya kamo hanya, zai tarar da sunansa a jikin itace, ya karanta, ya tuna cewa ya mutu, ya juya ya koma kabarinsa.

Reino Pelkonen ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana koyar da wannan al'ada a jami'ar Joensuu, cikin murya irin ta masanin da ya san abu amma bai yarda da shi ba. Abin da bai taɓa gaya wa ɗalibansa ba shi ne, suna na ƙarshe da mutanen dā suka sassaƙa a yankin nan na ubansa ne, Aatu, kuma yana tsaye a wurin, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, riƙe da hular mai sassaƙar.

Mutum ɗaya ne ya sani a cikin abokan aikinsa. Shigeru Kuwabara ya zo daga Morioka ta ƙasar Japan a shirin musayar malamai, da niyyar zama zango ɗaya, sai zangon ya zama abota ta fiye da shekara ashirin. Duk damina yana dawowa shi da matarsa Michiyo. Reino ma ya je can sau da dama, ya ga yadda suke kunna wuta a ƙofar gida a tsakiyar Agusta domin matattunsu su gane hanya su zo, su kwana uku a gida, a ciyar da su, sannan a sake kunna wata wutar a raka su. Ya ɗauki hotuna, ya auna tsayin harshen wutar da ido, ya rubuta komai. Su biyu suka wallafa littafi a kan yadda wasu mutane ke tare matattunsu, wasu kuma ke kiransu. Shigeru yakan tsaya gaban honkar gidan Pelkonen, ya ture tabaraunsa kan goshi, ya kai hancinsa dab da itacen yana bin harufan da yatsa har ƙafafunsa su gaji. Wata rana ya ce, “Reino, in na mutu a nan ka yi mini nawa. Amma ka natsu, don rubutunka kamar kaza ta taka laka.”

Da kaka ta bara waccan Shigeru ya faɗi a dajin bayan gidan, zuciyarsa ta tsaya. Aka ƙona gawarsa a Kuopio bisa al'adar mutanensa, Michiyo ta rungumi tokar ta hau jirgi. Bayan tafiyarta Reino ya ɗauki wuƙa ya je gindin honkar. Fuskar itacen ta cika, ɓawo ya rufe tsofaffin sunaye, babu sauran fili sai ɗan tsiri a ƙarƙashin sunan Aatu. A nan ya sassaƙa sunan abokinsa, ya natsu kamar yadda aka roƙe shi. Ya ɗauki hoto ya aika mata, ya ce itacen tunawa ne. A lokacin ya ɗauka ya yi abin kirki.

To, yau ga Michiyo ta dawo, ranar sha uku ga Agusta, ita kaɗai da ƙaramar jaka. Ta rame, gashinta ya yi fari fat, amma harshen Finlanci da ta koya a damunan da ta yi a nan bai guje mata ba. Tana zaune a ɗakin girki tana soka wa kokwamba tsinke huɗu a ciki, yayar Reino, Helmi, tana kallonta daga bakin murhu. Helmi ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ba ta yi aure ba, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar innarsu.

“Michiyo, wannan kokwambar tawa ce, ta gishiri na ajiye ta. Ƙafafu kike yi mata ta gudu?”

“Doki ne,” in ji Michiyo. “Shi zai hau ya zo da sauri.”

“Shigeru a kan doki? Mutumin da keke ya kayar a kwalbatin coci har sau biyu?”

Michiyo ta rufe bakinta da hannu ta yi dariya, dariyar ta ɗan daɗe fiye da yadda zancen ya kai. Sannan ta tsayar da dokin a kan tebur, ta juyo wajen Reino, ta haɗa hannayenta a kan cinya.

“Reino-san, na zo da roƙo.”

“Faɗi kawai.”

“Hoton da ka aiko, na sa shi a gaban ɗan akwatin addu'armu, kusa da shinkafarsa. Na gode da shi. Bara da lokacin ya yi na kunna wuta a ƙofa. Kakanninsa sun zo, surukata ta zo, ana jin su, gida yakan yi nauyi kamar ranar da aka yi baƙi. Shi bai zo ba.”

Reino ya dubi kofin gahawarsa.

“Ina ganinsa a mafarki,” ta ci gaba. “Kullum a wuri ɗaya. Yana tsaye gaban itace, tabarau a goshi, yana karatu. Ina kiransa ba ya waiwayowa. Ka san shi, in yana karatu gidan zai iya ƙonewa.”

“Michiyo, itacen nan tunawa ce kawai. Yanzu babu wanda…”

“Ni na buga muku littafin nan a na'ura, Reino-san, tun daga shafin farko har na ƙarshe, har sau biyu, don maigidana yatsu biyu yake bugu da su. Na san aikin itacen.” Ta faɗi haka ba da zafi ba. “Naku in sun karanta sukan koma kabari. Shi ina zai koma? Ba shi da kabari a nan. Gaba an tare, baya babu wuri.”

Maganar ta sauka a kansa kamar ruwan tafki mai sanyin ƙanƙara. Shekara da shekaru yana koyar da cewa itacen yana tsaye ne tsakanin wurare biyu, gida da kabari, kuma aikinsa bai cika sai da su duka. Ya rubuta haka da hannunsa. Amma ranar da ya ɗauki wuƙar, baƙin ciki ya rufe masa ido, ya manta cewa tokar abokinsa tana can bayan duniya.

“Me kike so in yi?”

“Ka cire sunansa. Yau da yamma, kafin in kunna wutar. Zan kwana uku da shi a nan, in kun yarda, sannan in tafi da shi. Zan riƙa gaya masa a kowace gada da kowace tasha, ga mu nan, taho, kada ya ɓace.”

Helmi ta ajiye ludayin da ke hannunta a hankali. Ita da Reino suka dubi juna, sannan kowa ya kau da kai.

Bayan abincin rana Michiyo ta shiga ta kwanta, gajiyar tafiya ta kama ta. Reino ya fita rumfar itacen wuta ya ɗauko tsohon gizagon ubansu, ya zauna a kan kututture yana wasa shi. Bai daɗe ba Helmi ta biyo shi, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu.

“Farfesa, kana wasa shi ne ko kana lallashinsa?”

“Ba zai yiwu ba, Helmi. Na duba da safe. Fuskar ta bushe ƙayau, ta yi toka-toka. Duk inda ƙarfe ya shiga, tsaga za ta bi jijiyar itacen ta haura sama. Sunan Shigeru ba zai fita shi kaɗai ba.”

“Na Baba zai bi shi.”

“Zai bi shi.”

“To sai me? Ba kai ne ka tsaya a talabijin da sabon kwat ka ce duk camfin manoma ne ba? Har Inna ta kashe akwatin ta ce kuɗin makarantarka sun tafi a ruwa.”

Reino ya ci gaba da goga ƙarfen a kan dutse. Aatu Pelkonen ya dawo daga yaƙin Rasha da ɓarɓashin ƙarfe a ƙafar hagu da wani abu a kansa wanda ba a samo masa suna ba. Ba ya iya zama. In yamma ta yi sai ya fara zagaya baranda, taku ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai ja, su kuwa yaran su nutsu a ciki suna saurare, don daga yadda ƙafar ke ja suke gane ko ɗamararsa za ta sauka a kan wani yau. Da ya mutu, takun bai mutu ba. Mako guda bayan binne shi, duhu na fara sauka, suka ji shi a baranda, su uku, har da innarsu. Ita ce ta je ta nemo wani tsoho da ya san aikin, duk da faɗan da fasto ya yi. Tun ranar da aka sassaƙa sunan, baranda ta yi shiru. Reino ya karanta littattafai da yawa da suka bayyana masa yadda tsoro ke sa kunne jin abin da babu. Ya yarda da su duka. Amma har yau, da gemunsa fari, ba ya zama a barandar nan in rana ta faɗi, kuma in guguwa ta kada, kafin ya duba rufin gida sai ya je ya ga ko honkar na tsaye.

“Ke ma kin ji shi,” ya ce.

“Na ji.”

“Ba kya tsoro?”

Helmi ta zauna a kan tulin itacen, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. “Ina tsoro mana. Ni ya fi duka, ka manta? Kai ɗan lele ne, ƙarƙashin gado kake shigewa.” Sannan ta ce, “Na yi jinyar irinsu da yawa a asibiti. Tsofaffin soja. Duk haka suke zagaye, ba sa zama. Wani lokaci nakan ce a raina, wanda ke zagaya baranda ai ƙofa yake nema.”

“Ko wanda zai daka.”

“Ko wannan. Ban sani ba, Reino. Ni dai na san matar nan ta ƙetare duniya da kokwamba a ranta. Kana iya yi mata ƙarya. Ka ɗan kankare sama-sama, ka shafa laka, ba za ta gane ba, idonta ya yi rauni.”

“Shi zai gane. Shigeru yana karanta abin da ɓawo ya rufe shekara ɗari.”

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Helmi ta dube shi ta gefen ido, ba ta yi masa ba'a ba, wanda hakan ya fi ba'ar ciwo. Ta tashi ta kaɗe siket ɗinta ta ce za ta je ta soya kifi.

Rana ta yi ƙasa, hasken ya zama ruwan zuma a kan tafkin, Reino da Michiyo suka kama hanya. Tana riƙe da fitilar takarda da ba a kunna ba, da ɗaurin farin ɓawon bishiyar koivu da ta roƙa a rumfar itace, don a garinsu ma da irin ɓawon nan ake kunna wutar. Shigeru ya yi murna ƙwarai ranar da ya gano haka, ya cika shafuka a kai. Hanyar ba ta da nisa. Sauro na bin su, ƙasa na ƙamshin gansakuka da ganyen allura.

Honkar na nan kamar kullum, rassanta na ƙasa a sare, kanta can sama yana kaɗawa ko da yake babu iska a ƙasa. Michiyo ta tsaya gabanta ta sunkuya sosai. Ba itacen ta gaisar ba. Ta ɗan karkata gefe, kamar mai gaida wanda ke tsaye dab da shi, ta yi magana da harshensu a hankali, cikin muryar da mace ke kiran mijinta cin abinci in ya daɗe a ɗakin karatu. Reino ya dubi ƙasa. Ya ga cewa ciyawar gaban itacen ta kwanta a wuri ɗaya, faɗin tsayuwar mutum. Ya gaya wa kansa cewa shi ne ya tsaya a nan da safe.

Ya matsa. Sunan abokinsa na nan fari-fari, bai gama tsufa ba. A samansa, da tazarar yatsa biyu, harufan Aatu sun yi baƙi, ƙaro ya cika su. Ya ɗora bakin gizagon a ƙarƙashin sunan Shigeru, ya tsaya.

“Wane ne na sama?” in ji Michiyo.

“Babana.”

“Maigidana ya ce mini ba ka son a yi zancensa.”

“In na sari wannan, nasa zai tafi tare.”

Ta dubi harufan. Ya yi zaton za ta ce a bari, kuma ya tsinci kansa yana fatan haka, har kunya ta kama shi. Amma ba ta ce ba.

“Ba zan ce maka ba komai ba ne, Reino-san. Surukina ma mugun mutum ne, ya taɓa jifan surukata da tukunyar shayi. Duk shekara yana zuwa. Ina zuba masa shinkafa, in gaya masa abin da ya faru a gida. Kwana uku ne. Ranar ta uku in kunna masa wuta in ce, Baba, lokaci ya yi, a sauka lafiya. Yana tafiya.”

“In kuma bai tafi ba fa?”

“Ban sani ba. Namu suna tafiya. Naku ban san halinsu ba.”

Gaskiyar da ta faɗa ta fi masa kowane lallashi. Ya tuna Shigeru a wannan wurin, yana dariya har tabarau na zamowa, yana cewa ku mutanen nan kuna rufe wa iyayenku ƙofa sannan ku zauna kuna sauraronta har ku mutu. Ya tuna cewa ya yi dariya shi ma a ranar. Ya ja numfashi, ya ɗaga gizagon, ya sara.

Ƙarar ta tafi cikin daji ta dawo. Tsagar ta haura kamar yadda ya sani za ta haura, ta ratsa sunan Shigeru, ta ƙetare tazarar, ta raba harufan Aatu gida biyu. Sara na biyu ya ɓalle tsirin gaba ɗaya, ya faɗo a kan gansakuka, dogo kamar tafin hannu biyu. Inda ya fita, naman itacen ya bayyana ja-ja, yana ƙamshin ƙaro kamar sabo.

Michiyo ta durƙusa ta tara ɓawon koivu a tsakiyar hanya. Ta ɗauki tsirin da hannu biyu ta miƙa masa, shi ya karya shi a gwiwa ya ɗora a kai. Ta ƙyasta ashana, wutar ta kama nan take, da baƙin hayaƙi da tartsatsi. Suka tsaya har sunayen biyu suka zama gawayi. Sannan ta kunna fitilarta daga harshen wutar, ta ce da Finlanci, wataƙila don Reino ya ji, “To, maigida, karatu ya isa. Mu je gida, Helmi ta soya kifi.”

Ta shige gaba da fitilar, shi yana biye da gizago a kafaɗa. Duhu bai gama sauka ba, amma ƙarƙashin itatuwa ya riga ya yi shuɗi. Da farko takunsu biyu kawai yake ji, nata gajere, nasa mai nauyi. Da suka wuce dutsen da hanya ke karkata, sai ya ji kamar an ƙaru. Akwai wani sassauƙa, mai saurin nan na mutumin da kullum ya makara. Reino ya ji idonsa ya cika. Ya buɗe baki zai yi wa Michiyo magana, sai ya ji ɗayan, can baya, bai matso ba, bai kuma tsaya ba. Ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai ja.

Bai waiwaya ba. Ya san dajin nan yana mayar da sauti, ya san gizagon na gogar rigarsa. Ƙafafunsa suka so gudu, irin gudun da ya yi yana yaro, amma fitilar na tafiya a hankali a gabansa, ba shi da ikon wuce ta. Ya lura da wani abu da bai taɓa lura da shi ba a duk shekarun da ya yi yana sauraro daga ƙarƙashin gado: mai ƙafar nan yana wahala. Tsakanin taku da taku akwai jinkiri, irin na wanda ke tattara ƙarfinsa kafin ya ɗaga. Ba tare da ya yi niyya ba, Reino ya rage sauri.

Helmi ta kunna fitilar ɗakin girki, ƙofa a buɗe. Michiyo ta cire takalmanta ta shiga, ta ajiye fitilar kusa da dokin kokwamba. Daga baranda Reino ya hango teburin: baƙin burodi, man shanu, ƙananan kifin tafki a faranti, da kofuna biyar. Ɗaya daga ciki tsohon kofin ƙarfen ubansu ne mai lotsattsen gefe, wanda bai sake gani ba tun yana yaro, bai ma san Helmi na ajiye da shi ba.

Ya jingine gizagon a bango. Ya tsaya a barandar, rana ta riga ta faɗi, hannunsa a kan marfin ƙofa.

“Farfesa, shigo ka rufe,” in ji Helmi, ba ta dube shi ba, tana zuba gahawa. “Sauro zai cinye mu.”

“Tukuna,” ya ce. “Matakalar tana ba shi wuya.”